Ɗakin Kaka, Ɗakin Boyi, Sashen Hajiya: Sunayen Ƙaramin Gidan da Ke Bayan Gida

Akwai wani ƙaramin gini da kusan kowace al'umma ta sani, amma da wuya ka sami biyu da suka kira shi da suna ɗaya. Muhalli ne da ake tayarwa a fuloti ɗaya da babban gida, a bayansa ko a gefensa ko a saman gareji, yana da ƙofarsa, da wurin kwana, da madafa, da banɗaki. A Ingila da Ostareliya ana ce masa "granny flat", wato ɗakin kaka. A Amurka wasu su ce ɗakin suruka, wasu su ce gidan karusa. A jihohin kudu maso yamma, inda Sifaniyanci ya yi ƙarfi, "casita" ne, ɗan ƙaramin gida. A tsibiran Hawai sunansa "ohana", kalmar da ke nufin dangi a harshen mutanen wurin. A birnin Vancouver na Kanada gidan lungu ne. Mu kuma a biranen Nijeriya da Gana mun san shi da boyis-kwata, ko Bi-Kiyu a taƙaice. Su kuwa ma'aikatan tsara birane na Amurka sun ajiye duk waɗannan sun zaɓi haruffa uku, ADU, masu nufin muhallin da yake rataye da wani babban gida.

Yawan sunayen nan ba don ado ba ne. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a kan wannan gini maganar ta tabbata, domin kowane suna yana ɗauke da hukunci a kan wanda ya cancanci ya kwana a ciki. Muddin sunan yana bakin jama'a, ba ya cutar da kowa. Ranar da ya shiga takardar doka, sai ya koma sharaɗi, ya buɗe wa wani ƙofa ya rufe wa wani. Wanda yake son ya fahimci dalilin da ya sa Amurkawa suka shafe shekara arba'in suna gardama a kan ɗakin bayan gida, to ya fara da bin sawun sunayen.

Yadda ɗakin bayan gida ya zama laifi

Kafin ƙarni na 20, ƙaramin gida a bayan babba ba baƙon abu ba ne a Amurka da Turai. Masu hali suna da gidan karusa: a ƙasa dawaki da keken doki, a sama ɗakin mai tuƙi. Manoman Amish har yau, idan uba ya miƙa wa ɗansa gona, sukan gina wa tsofaffin ɗan gida a jikin babban, su koma can su huta. Manyan masu ƙasa a Ingila suna da gidan da uwargida ke komawa idan mijinta ya rasu magaji ya karɓi babban gida. A duk waɗannan, sunan ginin sunan mazauninsa ne, kuma ba a ga abin tuhuma a ciki ba.

Abin da ya sauya lamarin shi ne dokar rabon shiyya, wato a yanka gari kashi-kashi, a ce nan masana'antu, nan kasuwa, nan gidajen kwana. Birnin New York ya yi cikakkiyar doka irin wannan a 1916. A shekarar ce kuma garin Berkeley na Kalifoniya ya keɓe wata unguwa ya ce ba a gina komai a cikinta sai gida ɗaya na iyali ɗaya a kowane fuloti. A 1926 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar ƙauyen Euclid na jihar Ohio da kamfanin filaye na Ambler, ta tabbatar wa garuruwa ikon yin wannan rabo. Alƙalin da ya rubuta hukuncin, George Sutherland, har ya siffanta benen haya da aka gina a unguwar gidaje da abin da ke rayuwa a jikin wani yana tsotsarsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, shiyyar iyali ɗaya ta mamaye ƙasar, har ya zama a birane da yawa kusan kashi 75 cikin 100 na filin zama ba a yarda a gina komai a kansa ba sai gida guda mai zaman kansa.

Daga nan ɗakin bayan gida ya fita daga halal. Ginin bai sauya ba, tubalinsa da rufinsa suna nan yadda suke. Abin da ya faru shi ne an rubuta "iyali ɗaya" a kan taswirar gari, kuma duk wanda ya rubuta wannan, dole wata rana ya faɗi mene ne iyali.

Wane ne iyali?

Garuruwa sun faɗa, kowanne da irin tasa ma'anar. Ƙauyen Belle Terre a jihar New York ya ce iyali su ne waɗanda jini ko aure ko riƙo ya haɗa, in kuwa babu ɗaya daga ciki, kada su wuce mutum biyu. Ɗalibai shida suka kama hayar gida a can, aka ce sun karya doka, kuma a 1974 Kotun Ƙoli ta ba ƙauyen gaskiya.

Shari'ar da ta fi taɓa zuciya ita ce ta Inez Moore, wata dattijuwa a garin East Cleveland. Tana zaune a gidanta da ɗanta da jikokinta biyu. Jikokin ba uba ɗaya suke ba, 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma ɗayan ya dawo hannunta ne bayan rasuwar mahaifiyarsa. Dokar garin ta tsara dangantakar da ta amince da ita a matsayin iyali, wannan kuwa ba ta ciki. A 1973 aka aiko mata da takarda cewa yaron haramtaccen mazauni ne, ta fitar da shi. Ta ƙi. Aka yanke mata kwana 5 a kurkuku da tarar dala 25. Sai a 1977 Kotun Ƙoli ta soke dokar, shi ma da ƙyar, alƙalai 5 suka rinjayi 4.

Duk Bahaushen da ya tashi a hannun kaka, ko ya ga maraya ya girma a ɗakin gwaggo ko inna, zai ji nauyin wannan labari. Kaka ta riƙe jikanta maraya, hukuma ta kira shi haramtacce, ba don gidan ya yi musu kaɗan ba, ba don sun dami maƙwabta ba, sai don kalma ɗaya da aka ƙuntata ma'anarta. Wannan ne darasi na farko: idan doka ta bar auna gini ta koma auna dangantaka, marasa ƙarfi ne ke fara shan wuya.

Sunayen da ke kiran mutum

Da tsadar gidaje ta fara cizo, kuma tsofaffi suka yawaita, sai aka nemi hanyar dawo da ɗakin bayan gida ba tare da an fusata masu unguwa ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a sa masa sunan wanda ba a iya ƙi. Wa zai tashi a taron unguwa ya ce ba ya son kaka? A 1981 Kalifoniya ta yi dokar da ta ba garuruwa damar amincewa da ƙaramin muhalli na tsofaffi kawai, mutum ɗaya ko biyu, jama'a suka kira ta dokar ɗakin kaka. A shekarar ce jihar Hawai ta buɗe ƙofar gidan "ohana", kuma a birnin Honolulu aka ɗaure shi da sharaɗin cewa mazauninsa ya zama ɗan'uwan masu babban gida ta jini ko aure ko riƙo. A Ingila har yanzu ana yafe harajin ƙaramar hukuma a kan irin wannan sashe idan wanda ke ciki dangi ne mai shekara 65 ko fiye, ko mai naƙasa, kuma sau da yawa takardar izini kan hana a ba da shi haya daban.

Sunaye ne masu daɗin ji, amma da aka zo aiki da su sai tambayoyi suka taso. Idan kaka ta rasu fa, a rushe ɗakin ko a rufe shi? Wa zai riƙa zagayawa yana duba takardar haihuwar mazauna? Yaya mai gida zai ci bashin banki ya yi ginin da doka ta hana shi samun ko kwabo daga gare shi? Malamar makarantar unguwar, ko ma'aikacin jinya da ba shi da dangi a garin, ina za su kwana? Sunan da aka zaɓa don tausayi ya zama kwado a ƙofa. Shi ya sa a 2015 Honolulu ta yi sabuwar doka ta amince da ADU, wanda ake iya ba kowa haya, a gefen tsohon "ohana" na dangi. Jihar New South Wales ta Ostareliya ma, a dokarta ta 2009, ta bar wa jama'a sunan ɗakin kaka, ita kuwa ta rubuta "muhalli na biyu", ta ƙayyade girmansa da murabba'in mita 60 a fulotin da bai gaza mita 450 ba, ba ta kuma tambayi wane ne zai zauna ba.

Murhu da tukunya

To, sunan hukuma fa, me ke cikinsa? ADU taƙaitawar kalmomi uku ce. Biyu daga ciki suna nufin muhalli guda mai cin gashin kansa. Dokar Kalifoniya ta fayyace shi da cewa wuri ne da ke da tanadi na dindindin don zama, da barci, da cin abinci, da girki, da tsafta. A aikace, abin da ke raba gardama shi ne murhu. A garuruwa da yawa kana iya gina ɗakin baƙi a bayan gida har da banɗakinsa, ba a ƙidaya shi muhalli ba. Ranar da ka kafa murhun girki, ya zama gida na biyu, sai da izini na daban. Shi ya sa masu duba gini idan an kai ƙara suke fara neman bututun gas da wayar murhu.

A nan tunaninsu ya haɗu da namu. Bahaushe ma ba da katanga yake ƙidaya iyali ba, da tukunya yake ƙidayawa. Gida ɗaya, zaure ɗaya, na iya ƙunsar magidanta huɗu, kuma idan aka ce wane da wane sun raba tukunya, kowa ya san an sami gida biyu ko da ba a aza tubali ko ɗaya ba. Masu ƙidayar jama'a a Nijeriya ma da wannan ma'aunin suke aiki, wato waɗanda ke ci daga tukunya ɗaya. Bambancin shi ne, a wurinmu raba tukunya shawarar iyali ce, a shiyyar iyali ɗaya ta Amurka kuwa sai da sa hannun hukuma.

Kalma ta uku, wadda harafin farko ke wakilta, ita ce mai nauyi. Tana nufin abin da yake bin wani, marar tsayuwa da kansa. Tsohuwar kalma ce a dokar shiyya, da ita ake halatta gareji da rumbun ajiya da akurkin kaji, abubuwan da ba su ne ainihin amfanin fuloti ba amma suna yi masa hidima. Ta wannan ƙofar aka shigo da ƙaramin gida. Da aka kira shi mabiyi, sai unguwa ta ci gaba da amsa sunan ta iyali ɗaya a takarda, alhali iyali biyu ne a fulotin. Dabara ce da ta yi aiki, amma tana da farashi: mabiyi dole ya fi ubangidansa ƙanƙanta, kuma ba a sayar da shi shi kaɗai. Sai a 2023 Kalifoniya ta yi dokar da ta ba garuruwan da suka ga dama damar barin a sayar da shi daban, birnin San Jose ya fara amfani da ita a 2024. Akwai ma ƙanen ADU a dokar jihar, wanda ake yankowa daga cikin babban gidan kansa, bai wuce murabba'in ƙafa 500 ba, kamar a ce ƙafa 20 a 25.

Duk da wannan rauni, busasshen sunan ya fi masu daɗin amfani da abu ɗaya: gini yake siffantawa, bai ambaci mutum ba. Babu kaka a cikinsa, babu suruka, babu bara. Duk wanda ke buƙatar wurin kwana yana iya shiga.

Izini iri biyu

Kalma guda, "izini", tana ɓoye abubuwa biyu da suka yi hannun riga, kuma tarihin Kalifoniya ya nuna bambancinsu fili. Akwai izinin ganin dama: ka kai buƙata, a aika wa maƙwabta takarda, a kira taro, kowa ya faɗi ra'ayinsa, sannan kwamiti ya yarda ko ya ƙi. Akwai kuma izinin ƙa'ida: an riga an rubuta sharuɗɗa, ma'aikaci ya ɗauki zanenka ya gwada da su, in ya cika ya sa hannu, ba shi da ikon ƙi.

A 1982 jihar ta umarci garuruwa su buɗe hanya ga abin da ta kira muhalli na biyu, amma ta bar musu izinin ganin dama. Shekara ashirin aka yi ba a ga wani abin kirki ba. A tarukan unguwa aka riƙa jin maganar da har ta zama laƙabin masu yin ta, wato "ba a bayan gidana ba". A 2002 aka yi doka cewa izinin ya koma na ƙa'ida. Sai garuruwan da ba sa so suka koma kan ƙa'idojin kansu suka tsaurara su: fuloti sai ya kai girma kaza, sai an tanadi wurin ajiye mota ƙari, sai gini ya ja da baya daga iyaka da tazara mai yawa, sai mai gida yana zaune a wurin da kansa, sai an biya kuɗin haɗa ruwa da magudana kamar na sabon babban gida. Ba wanda ya ce an hana, amma ba wanda ya iya ginawa.

Dokokin 2016, waɗanda suka fara aiki a Janairun 2017, su ne suka sauya sunan a hukumance daga muhalli na biyu zuwa ADU, tare da datse waɗannan sharuɗɗa. Na 2019 suka ƙarasa aikin. Yanzu gari yana da kwana 60 ya amsa buƙata. Ba zai nemi tazarar da ta wuce ƙafa 4 daga iyakar gefe da ta baya ba. Ba zai hana muhalli mai murabba'in ƙafa 800, misalin ƙafa 20 a 40, da tsayin ƙafa 16 ba. Ba zai nemi wurin ajiye mota ba idan gidan yana cikin rabin mil daga tashar motar haya ko jirgin ƙasa. Ba zai karɓi kuɗin ɗawainiyar gari a kan wanda bai kai murabba'in ƙafa 750 ba. Sharaɗin zaman mai gida ma an ɗage shi. Sakamakon bai ɓoyu ba: a 2016 takardun izinin da aka bayar a faɗin jihar ba su kai 2,000 ba, a 2022 sun haura 20,000, har ya zama kusan ɗaya cikin biyar na sababbin gidajen da ake ba izini a jihar irin wannan ne.

Buƙatar dama tana nan tun tuni. A 1960 matsakaicin gida a Amurka yana da mutum sama da 3, kuma kashi 13 cikin 100 ne kawai na mutum ɗaya. Yau matsakaicin ya sauko wajen 2.5, gidajen mutum ɗaya sun kai wajen kashi 28. Iyalai sun ƙanƙance, gidaje ba su ƙanƙance ba. Wasu wurare sun bi sahu ta hanyarsu: birnin Portland ya yafe kuɗin ɗawainiya a 2010, jihar Washington ta yi tata dokar a 2023, Massachusetts a 2024.

Ginin da ba shi da suna

Kada a ɗauka shekarun hani sun hana gini. Sun dai hana shi suna. A 1987 jaridar Los Angeles Times ta ƙiyasta cewa mutum wajen 200,000 ne ke kwana a gareji a gundumar Los Angeles, yawancinsu baƙi 'yan ci-rani da talakawa. Abin da doka ba ta san da shi ba, ba ta duba wayar wutarsa, ba ta tambayi tagarsa, mazauninsa kuma ba shi da bakin kai ƙarar mai gida. A Satumban 2021, da ragowar guguwar Ida ta sauke ruwa a kan New York, mutum 11 suka mutu a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, akasarinsu ɗakunan da ba su da izini. Hana suna bai kare kowa ba, ya dai ɓoye haɗarin har ya yi kisa. Irin wannan haɗari ne ya sa Kalifoniya ta buɗe hanyar halatta waɗanda aka gina ba izini kafin 2020, da sharaɗin a gyara abin da ke barazana ga rai da lafiya.

Suna kuma yana iya ɗaga gini ko ya kayar da shi. A birnin Washington, ƙananan gidajen da ke lungunan bayan manyan gidaje, inda galibi baƙaƙen fata matalauta ke zaune, an yi musu tambarin ƙazanta da laifi, har majalisar ƙasa ta kafa hukuma a 1934 don kawar da su. A 2009 Vancouver ta halatta gidan lungu, ya zama abin da masu zanen gini ke alfahari da shi. Lungu dai lungu ne. Abin da ya bambanta shi ne wanda aka yi tsammanin zai zauna a ciki.

Namu sunan

Sunan da muke amfani da shi ya fi duk waɗannan nauyin tarihi. Dokar garuruwa ta 1917, ta zamanin Gwamna Lugga, ita ce ta tsara biranen mulkin mallaka a Nijeriya, kuma tsarin lokacin ya keɓe wa Turawa unguwarsu, da fili marar gini na yadi 440 tsakaninta da mazaunin 'yan ƙasa, da hujjar kiwon lafiya. Waɗannan unguwanni su ne suka zama Ji-Ar-A, irin Nasarawa a Kano. Baƙar fata ba ya kwana a can sai in mai hidima ne: kuku, mai wanki, mai lambu, boyi. Su aka yi wa jerin ƙananan ɗakuna a ƙarshen fuloti, nesa da idon mai gida, kusa da kiransa. Boyis-kwata ke nan, mazaunin yara, ko da "yaron" dattijo ne mai furfura da jikoki. A Kwango da wasu ƙasashe masu amfani da Faransanci an ƙera irin wannan suna, "boyerie", a Kenya kuwa mazaunin barori ake cewa.

Turawa sun tafi a 1960, manyan ma'aikata suka gaji gidajen, sunan ya zauna. Har yau masu zanen gini suna rubuta shi a kan zane, dillalai suna tallar gida da shi. Amma wa ke ciki yanzu? Ƙanen mai gida da ke jami'a, sabon ango da bai tara na gini ba, mai yi wa ƙasa hidima, ƙaramin ma'aikacin da ke aiki a tsakiyar Abuja kuma ba zai iya kama gida sukutum a Maitama ko Asokoro ba. Abin da Kalifoniya ta yi shekara arba'in tana neman halattawa, mu muna da shi a ko'ina, yana ɗauke da dubban mutane, amma muna kiransa da sunan ƙasƙanci. Kuma sunan yana aiki: ginin da aka ɗauka na bara ne, shi ake yi wa ƙaramar taga, a manna shi da katanga, a ajiye janareta a bakin ƙofarsa.

Abin takaicin shi ne harshenmu bai rasa sunaye ba. Gidan Bahaushe tun asali mai sassa ne. Daga zaure ka shiga ƙofar gida, inda ɗakin samari da na baƙi suke, ka wuce shigifa, ka isa cikin gida, ga turaka, ga ɗakunan mata. Ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe. Uwa ta tsufa, ga sashen Hajiya, wanda ba a bayan gida ake ɓoye shi ba, shi ne wurin da kowa ke fara zuwa gaisuwa da safe. Saurayi ya tasa, a fitar masa da shago mai ƙofa ta waje. Kalmar "sashe" ba ta ce mai shi bara ne ba, ba ta ce mabiyi ne ba. Ta ce yanki ne na gida, mai mutuncinsa.

Ba mu kuma rasa ƙa'idar gini ba. Fiƙihun Malikiyya da aka karanta a zaurukanmu ya gina hukuncin maƙwabtaka a kan hana cutarwa. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana mutum buɗe tagar da za ta leƙa gidan maƙwabci, ko ƙofar da ke fuskantar tasa kai tsaye, ko haƙa abin da zai cuce shi ko da a cikin filin kansa ne. Ibn al-Rami, magini a Tunis a ƙarni na 14, ya rubuta littafi guda a kan hukunce-hukuncen gini. A al'adar garuruwanmu ma kowa ya san ba a juya indararo ya zuba a gidan wani. Duk waɗannan ƙa'idoji tambaya ɗaya suke yi: wa ginin zai cutar? Ba su tambayi wane ne zai kwana a ciki ba.

Yau ikon ba da izinin gini yana hannun jihohi, kamar yadda Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar a 2003 a ƙarar da jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya kan dokar tsara birane ta 1992. Ke nan hukumomi irin su KNUPDA a Kano da KASUPDA a Kaduna, da majalisun jihohinsu, suna da damar tsara abin da ya dace da mu. Jama'a kuwa ba su jira ba: a awon gwamnati da awon igiya, ana ta ƙara ciki da falo a bayan gida, ana mai da gareji ɗaki, da yawa ba tare da an nemi takarda ba. Haɗarin da ke ciki sananne ne: masai kusa da rijiya, ɗaki ba iska, hayaƙin janareta da ke kashe iyali cikin barci, lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga.

Abin da ya kamata a yi bai da wuyar faɗa. A ba wannan gini suna na mutunci a takardun hukuma da zanen gini da tallar dillalai, a kira shi ƙaramin sashe, a bar boyis-kwata ga littattafan tarihi. A rubuta masa ƙa'idoji kaɗan bayyanannu, da Hausa da sauran harsunan jama'a, a kan iska da haske da ruwa da masai da hanyar fita idan wuta ta tashi da sirrin maƙwabci. Wanda ya cika su a ba shi izini cikin ƙayyadadden lokaci da kuɗi kaɗan, ba tare da ya san kowa ba. Waɗanda aka riga aka gina a buɗe musu hanyar gyara da rajista maimakon jan fenti da rusau. Hukuma ta tsaya a kan lafiyar gini da haƙƙin maƙwabci, ta bar wa mai gida da iyalinsa zaɓin wanda zai zauna a ciki.